Hannu biyu a bayan lamba

Uwargida tana kiran akwatin "asusun da ba ya haihuwa". Ɗan akwatin katako ne na saya a kasuwar 'yan gwanjo a gefen birnin Sent Luwis na Amurka, na shimfiɗa masa tsohon rawani a ciki, a nan nake tara lambobi da sulallan da Amurkawa suka buga don tunawa da mutanen da suka fara kutsawa yammacin ƙasarsu. Shekara tara ke nan ina wannan wahalar.

Gado ne, in dai za a faɗi gaskiya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da gwangwanin da yake ajiye kuɗin zamanin Turawa: anini, ɗari, kwabo mai huda, taro, sisi. Muna yara mukan zira zare a cikin hudar mu rataya a wuya, ya bi mu da carbi. Da na zo ƙasar nan na kama tuƙin babbar mota, wata rana a gidan mai aka ba ni canji, sai na ga wata tsabar santi biyar ba irin wadda na saba gani ba. A bayanta hannu biyu ne suna musabaha, a samansu gatari da lofe an gicciya. Shekarar 2004 ce a jiki. Ban kashe ta ba.

Daga baya na gane hoton kwafi ne na wata tsohuwar lamba. A 1803 Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a kan dala miliyan 15, ƙasar da shi mai sayen bai san iyakarta ba. Shugaba Tomas Jefason ya tura hafsoshi biyu, Meriweda Luwis da Wiliyam Kilak, su bi Kogin Misuri har su ga inda ƙasa ta ƙare. Sun tashi ranar 14 ga Mayu 1804, suka isa Tekun Fasifik a Nuwamba 1805, suka dawo Sent Luwis ranar 23 ga Satumba 1806. Mutum ɗaya kacal ya mutu daga cikinsu, wani saje mai suna Fuloid, shi ma ciwon ciki ne ya kayar da shi. A cikin kayansu akwai lambobin azurfa, gaba hoton Jefason da shekarar 1801, baya kuma waɗannan hannayen da rubutun Turanci mai nufin zaman lafiya da abota. Duk sarkin 'yan asalin ƙasa da suka tarar sai su rataya masa ɗaya: babban sarki babbar lamba, ƙarami ƙarama.

To, wannan lambar ce ta ci mini dala 140.

Wata Asabar ce a wata kasuwar buɗaɗɗen fili. Mutumin ya baza kayansa a bayan a-kori-kura, tsofaffin wuƙaƙe da fitilu da kwalabe. Ya ciro ta daga cikin safa, ta yi baƙi-baƙi kamar ta kwana a ƙasa shekara ɗari, har da ɗan zobe a sama inda ake zira igiya. Ya ce kakansa ne ya tono ta a gona. Na ɗora ta a tafin hannu na ji nauyi, zuciyata ta ce ai nauyin nan shi ne shaida. Ya ce ɗari biyu, na taya ɗari, muka tsaya a ɗari da arba'in, ni a ganina na yi masa wayon 'yan Kurmi. Ashe ni aka yi wa.

Ranar Litinin na kai ta wurin wani dattijo mai shagon tsofaffin kuɗi. Ko madubin ido bai ɗauka ba. Ya ɗaga ta, ya ajiye, ya yi murmushi. Ya ce na ainihin da Luwis da Kilak suka raba ba su da nauyi, domin ma'aikatar buga kuɗi ta wancan zamani faranti biyu na azurfa marasa kauri take bugawa daban-daban, a haɗa su da baki, ciki rami ne. Tawa kuwa curi ce guda. Ya nuna mini gefenta inda aka ɗan karce, jan tagulla yana leƙowa. Kwafi ce irin wadda ma'aikatar take bugawa tana sayar wa kowa, wani ya shafa mata ruwan azurfa ya tsufar da ita. Wato abin da ya ruɗe ni shi ne ya kamata ya farkar da ni. Ya ƙara da cewa ta gaskiya a gidan tarihi ake ganinta, ba a cikin safa ba.

Da na koma gida ban ce komai ba, amma mace ba a ɓoye mata.

"Malam, yau kuma wace ƙasa aka gano?"

Na ce mata ni aka gano.

Ba wannan ne kuskurena na fari ba. Akwai rabin dala ta azurfa da aka buga a 1934 don cika shekara 200 da haihuwar Daniyel Bun, maharbin da ya sare hanya ta cikin duwatsu zuwa Kentoki a 1775. Da na samu tawa ta yi duhu, sai na tuna yadda Inna take wanke tasa, na samo lemun tsami da toka na dirje ta har tana ɗaukar ido. Dattijon nan ya kalle ta kamar an yi masa mutuwa. A wajen masu wannan harka dattin shekaru shi ne ado, wanda ya goge ya zubar da rabin kuɗinsa. Yanzu ko taɓa su ba na yi sai ta gefe. Akwai kuma dalar zinare ta 1904 da 1905, Luwis a fuska ɗaya Kilak a ɗaya. Ita kam kallo kawai nake yi ta bayan gilashi, don aljihun direba bai kai nan ba.

Amma jabun nan tawa ita na fi ɗauka, ko don haushin kuɗina. Ka duba hannayen da kyau. Ɗaya yana sanye da hannun rigar soja mai maɓallai. Ɗayan, na ɗan ƙasa, an sa masa awarwaro, a jikin awarwaron kuwa mikiyar Amurka ce. Tun ba a gama gaisawa ba an riga an buga masa hatimi. Haka kuma jawabin da Luwis da Kilak suke yi wa sarakunan yake: su sani yanzu suna da sabon uba a gabas, su ajiye lambobi da tutocin Faransa da Sifen. Shi sarki yana ganin baƙo ya kawo gaisuwa, shi baƙo yana rubutawa a littafinsa cewa an yi mubaya'a.

Ni da na tashi ina jin labarin Kilafaton da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, da Barth da ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ba na iya jin kalmar "gano ƙasa" ban yi tsaki ba. Wane ganowa, mutum ya tarar da kasuwa tana ci?

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a kan hanyar dawowa, Yuli 1806, a yankin da yau ake kira Montana. Luwis da mutum uku suka haɗu da wasu samarin ƙabilar Bilakfit, suka kwana wuri ɗaya, ya ba ɗayansu lamba. Da asuba rigima ta tashi a kan bindigogi da dawakai, aka soke ɗaya da wuƙa, Luwis ya harbi wani. Kafin su gudu, ya bar lambar rataye a wuyan gawar wanda aka soke, kuma shi da kansa ya rubuta dalili: don 'yan uwan mamacin su san ko su wane ne. Na bi ta Montana da kaya sau da yawa. Fili ne fetal, iska kamar za ta kifar da tirela.

A akwatina akwai Sakagawiya, 'yar ƙabilar Shoshon da ta yi wa su Luwis tafinta da jariri a goye. Ita ce a kan dalar da aka fara fitarwa a 2000, mai launin zinare amma ko ɗigon zinare babu. Ba a taɓa zana ta tana raye ba, fuskar wata 'yar ƙabilarsu aka ara. Wanda ba ni da shi a akwatin shi ne Yok, bawan Kilak, baƙar fata, wanda ya yi tafiyar nan tun daga farko har ƙarshe, ya yi farauta, ya ja jirgi. Da suka isa teku aka nemi ra'ayin kowa a kan inda za a yi zaman hunturu, har da nasa aka ƙirga. Da aka dawo, sojojin tawagar suka samu albashi da filaye. Shi ya roƙi a 'yanta shi, Kilak ya ƙi, ya ci gaba da riƙe shi shekaru. Sai a 2001 Shugaba Kilinton ya ba shi muƙamin saje na girmamawa.

Bara na sauke kaya a birnin Luwibil, na samu awa biyu kafin a yi mini lodi, na taka zuwa bakin Kogin Ohayo inda aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla. Yana tsaye da bindiga, ga tsuntsayen da ya harbo. Jabun tana aljihun rigata. Na ciro ta na ɗaga ta kusa da shi na ɗauki hoto na tura gida.

Uwargida ta amso nan take: "Malam, dala ɗari da arba'in ɗin ce ka kai yawo?"