Masu Riƙe Alƙalami a Bakin Iyaka

Jami'in da aka horar domin ya tsare iyaka, ya gane fasfon jabu kuma ya san ɓarauniyar hanya, asara ce a zaunar da shi a kan tebur daga safe har la'asar yana cike rajista. Wannan ne darasi na farko da na koya a shekarun da na yi ina aikin ofis a wata tashar kan iyaka tsakanin Najeriya da Nijar. Iyakar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma mashigan da hukuma ta sani, irin su Illela da Jibiya da Kongolam da Maigatari, kaɗan ne idan aka kwatanta da hanyoyin da babura da jakuna ke bi ta cikin gonaki. Duk sa'ar da jami'i ya ɓata yana rubuta rahoton wata-wata, sa'a ce da waɗannan hanyoyi suka zauna babu mai sintiri.

Aikin takarda a bakin iyaka ya fi yadda mutane ke zato yawa. Akwai rajistar masu shiga da masu fita, da jadawalin masu gadi, da lissafin man motar sintiri, da takardun waɗanda aka tsare kafin a miƙa su gaba, ga kuma wasiƙun hedikwata da ake son amsarsu cikin gaggawa. Da aka kawo manhajar MIDAS, wadda IOM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta samar domin ɗaukar hoto da zanen yatsun matafiya, aikin bai ragu ba, kamanni kawai ya sauya, domin dole a sami mai shigar da bayanai da mai kula da batir da farantan sola. Amurka ma, duk da yawan jami'anta, ta ga haka a iyakarta da Meziko, har a 2021 ta fara yaye wani rukuni na ma'aikata da aikinsu shi ne tattara bayanan waɗanda aka kama da kula da su, domin masu sintiri su koma daji.

Sai dai raba aikin tsakanin akawu da jami'i yana da sharaɗi, kuma a nan ne na fi ƙaruwa. Akawu yana rubutawa ne, amma hukunci na mai kaki ne. Idan matafiyi ya zo da takardar da kwananta ya wuce, ba hurumin akawu ba ne ya ce masa ya wuce ko ya koma, ko da kuwa layi ya yi tsawo, rana ta take, direbobi suna ta danna ham. Ranar kasuwa jarrabawar take fi tsanani, lokacin da fatake da masu shanu suka cika harabar, kowa yana cewa, “Malam, a taimaka, kasuwa za ta tashi.” Da zarar hatimi ya saba kwana a aljihun tebur na wanda doka ba ta ba shi iko ba, to an buɗe ƙofar da 'yan fasa-ƙwauri za su fara ganowa tun kafin shugaban tasha ya ankara.

Abu na biyu da ake yawan mantawa shi ne cewa rajista ita kanta makami ce ta tsaro. Akawu mai lura shi ne yake fara ganin cewa mutum ɗaya ya ƙetaro sau da dama cikin mako, kowane karo da 'yan mata daban waɗanda yake kira ƙannensa, ko kuma lambar mota ɗaya tana bayyana da sunayen direbobi mabambanta. Saboda haka na yi imani cewa bai kamata a sauke wa jami'i nauyin rubutu har ya daina karanta abin da aka rubuta ba. A tashar da na zauna, zaman 'yan mintoci da muke yi da masu sintiri bayan sallar Magariba, muna bin shafukan ranar tare, ya fi doguwar wasiƙa amfani.

Horo ma wajibi ne, domin ƙa'idojin ba sa zama wuri ɗaya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar zama kwana 90 ba tare da biza ba. An rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019, aka buɗe wasu a Disambar 2020, aka sake rufe na Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kowane sauyi da sabon umurni yake zuwa, kuma akawun da ba a yi wa bayani ba zai ci gaba da cike tsohon fom da zuciya ɗaya.

Sai maganar amana. Ma'aikacin ofis yana ganin sunayen mutane da jadawalin sintiri, galibi kuma ɗan yankin ne mai dangi a ɓangarorin iyakar biyu. Wannan kusanci yana da amfani, don shi ne ke karanta takardun Faransanci ya kuma gane harshen mai magana, amma yana jawo masa matsin lamba daga 'yan uwa da abokai. Shi ya sa nake ganin ya dace a tantance shi kafin ɗauka, a biya shi albashinsa a kan kari, kuma jadawalin sintiri ya tsaya a hannun shugaban tasha kaɗai.