Godiya ga mutanen Jigawa: na kammala zagayen ƙananan hukumomi 27

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na yi sallar la'asar a Gwiwa, kuma da ita Allah ya cika mini burin da na daɗe da shi, na taka kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 27 na jiharmu ta Jigawa. Tun farko na gindaya wa kaina sharaɗi cewa ratsa gari a mota ba ya shiga lissafi. Sai na sauka, na yi salla a masallacinsu, na ci abincinsu, na zauna an yi hira. Wannan sharaɗin ne ya sa na ci bashin alherin mutane da yawa, kuma saboda su nake wannan rubutu.

A Ringim aka haife ni, ina ɗan firamare aka cire Jigawa daga tsohuwar jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Da yawa daga cikinmu mun san Kano da Kaduna da Abuja lungu-lungu, amma mutumin Gwaram zai tsufa bai taɓa ganin Birniwa ba, na Roni kuma Guri a rediyo kawai yake jin ta. Abin ya daɗe yana damuna. Kullum muna cewa Jigawa tarin Allah, sai na ga ya kamata in je in ga tarin da idona.

Bayan godiya ga Allah, sai mahaifiyata. Ban taɓa tayar da mota ba sai na durƙusa a gabanta ta ce, "Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya." Sai maiɗakina, wadda ta haƙura da ranakun hutun da ya kamata in yi a gida, kuma ba ta taɓa bari na fita ba dambun nama da fulas ɗin kunun gyaɗa ba. Allah ya saka muku da Aljanna.

Akwai wani matashin bakanike da ba zan manta da shi ba. Muna kan hanyar Gumel zuwa Haɗejiya, a yankin Gagarawa, fambel ya tsinke ana dab da magariba. Wani mai rake ne ya kira mana shi. Ya zo a kan babur, ya leƙa injin, ya karɓi tsinkakken ya nufi Gumel, ya dawo da sabo duhu ya riga ya yi. Da fitilar waya ya ɗaura shi, ƙaninsa yana haska masa. Na miƙa masa kuɗin aiki ya ƙi karɓa, sai kuɗin fambel da na man babur kawai. Na matsa, ya ce, "Haba Kawu, a hanya fa kake. Ka dai sa mu a addu'a." Ina sa ka, ɗana. Allah ya buɗa maka, ya ba ka garejin kanka.

A Maigatari na dace da ranar Alhamis, ranar da kasuwa take ci. Na gode wa dattijon dillalin da ya bar cinikinsa ya zagaya da ni kara, daga wajen raƙuma zuwa na shanu da dawaki da ake korowa daga Nijar, ya kuma kai ni inda ake auna zoɓo da riɗi ana ɗinke buhuna. Na gode wa mai gadin duwatsun Birnin Kudu, wanda ya hau da ni har inda zanen mutanen da yake, ya nuna mini cewa shanun da aka zana ba su da tozo irin namu na yau. A Haɗejiya wani malamin makaranta ya raka ni ziyarar kabarin Sarki Muhammadu Mai Shahada, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har ya yi shahada tare da jama'arsa a 1906, daga nan ya wuce da ni kasuwar kifi ya cika mini kwali da banda. Mutanen ƙasar Kazaure kuwa, daga Karkarna har Roni, ba wanda na yi wa sallama bai ce in sauka in sha fura ba.

Amma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne Guri da Kiri Kasamma. Na je da niyyar ganin dausayin Baturiya da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, na kuma gan su. Sai dai abin da mutanen wurin suka fi so in gani shi ne kacala, wata doguwar ciyawa mai tsirowa cikin ruwa. Wani masunci ya ɗauke ni a kwalekwalensa, muka bi wata siririyar hanya da suka sare da hannu, ciyawar ta fi tsayin mutum dama da hagu. Na ga magidanta cikin ruwa har ƙirji, kowa da laujensa, suna aikin gayya don ruwa ya samu hanyar wucewa. Suka ce mini wurin da muke bi ɗin nan gonakin shinkafa ne a zamanin iyayensu. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta canja, wuraren da suke bushewa da rani suka daina bushewa, kacala ta samu wurin zama. Ta toshe magudanai, ruwa ya bar inda ake bukatarsa ya malala cikin gonaki da gidaje, tsuntsun jan-baki kuma ya samu maɓoya a cikinta yana fitowa yana cinye ɗan abin da aka noma. A ganina duk wanda zai yi maganar noma a Jigawa, ya fara zuwa ya shiga wannan kwalekwalen tukuna.

Duk da wannan hali, a gidan masuncin na kwana. Ya fitar da yaransa daga ɗakinsu ya shimfiɗa mini tabarma da gidan sauro, uwargidansa ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi. Da safe da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, tunda kana rubutu, ka faɗa musu abin da ka gani." Baba, ga shi na faɗa, kuma zan ci gaba da faɗa in sha Allahu.

Na tsaya a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, inda gobarar tankar mai ta watan Oktoba 2024 ta ci rayukan mutum fiye da 150. A nan ban iya hira ba. Na yi wa waɗanda na tarar a ƙofar masallaci ta'aziyya, muka yi addu'a tare. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ga ku da kuka riƙa bibiyar hotunan a Facebook, kuna gaya mini ranar da kowace kasuwa take ci da hanyar da ruwa ya yanke, wasunku har suna haɗa ni da 'yan'uwansu su sauke ni, na gode ƙwarai. Direbobin tasha da 'yan acaɓa da masu shayin da suka yi ta nuna mini hanya, yawancinku ko sunayenku ban sani ba, amma Allah ya san ku.

Roƙona ɗaya ne. Duk wanda yake da hanyar isar da kuka ga masu iko, ko ɗan jarida ne ko ɗan majalisa ko ma'aikacin gwamnati, ya taimaka ya isar da na mutanen Guri da Kiri Kasamma da Auyo kafin damina ta sake faɗuwa. Ina da hotuna da bidiyon wuraren, duk mai bukata ya yi mini magana in tura masa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.