Talata, ranar buɗe layi

Tun da hantsi baƙon da na gayyata zuwa shirina na rediyo ya turo saƙo, wai tafiyar gaggawa ta taso masa zuwa Abuja. Jami'in gwamnati in dai ya ji za a buɗe layin waya, tafiya ba ta wuyar tasowa.

Batun yau kuɗin ƙananan hukumomi ne. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba, kuma sai zaɓaɓɓun shugabanni za a ba, ban da kantomomin riƙo. Mu a Bauchi 20 gare mu, daga Toro har Zaki. Tambayata ɗaya ce: mutumin ƙauye ya gani a ƙasa?

Da ƙyar na samu wani tsohon kansila da wani malamin jami'a suka cike gurbin. Ina shirin shiga ɗakin watsa shiri sai shugaban sashenmu ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, a dai bi a hankali." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Bai taɓa ce mini kar a yi ba, ni ma ban taɓa tambayarsa iyakar hankalin ba. Haka aikin gidan rediyon gwamnati yake. 'Yan adawa suna kiranka ɗan kanzagi saboda daga baitulmali ake biyanka, masu mulki kuma suna yi maka kallon wanda ya ci tuwonsu yana ƙorafin miya. Ga hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa tun 1992, ita ba ruwanta da wanda ya bugo waya: duk abin da ya fita ta iska, tashar ce za ta amsa. Shi ya sa yatsana ba ya barin maɓalli muddin layi na buɗe.

Kira biyun farko sojojin baka ne. Na san muryoyinsu, tun daga sallama suke fara kirarin maigida. Na bar kowanne ya ɗan taɓa, na yi godiya, na wuce. Wani kuma ya juya zancen ya koma kan tsadar mai, kamar yadda ake yi mana tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ko shirin rigakafin yara ka kawo, sai an ƙare a farashin lita.

Sai wata baiwar Allah ta kira daga wajen Ningi, da wayar ɗanta. Ba ta ambaci jam'iyya ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce ita ba ta san Kotun Ƙoli ba, abin da ta sani shi ne asibitin ƙauyensu ma'aikaci ɗaya ne, in ya tafi gari sai a rufe, mai naƙuda kuwa sai a ɗora ta a babur. Ta ce, "Ɗana, wa zan tambaya? Ciyaman ko gwamna?" Na ce, "Mama, ki riƙe layi, ga masu amsa nan."

Malamin jami'ar ya fara kawo tsarin mulkin 1999 da ayyukan da ya ɗora wa ƙananan hukumomi. Gaskiya ya faɗa, amma ba da Hausar da Mama za ta ɗauka ba. Tsohon kansilan ne ya yi magana ta gari. Ya ce a zamaninsa takarda kan nuna miliyoyi sun shigo, amma kafin a cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da sauran abin da ake yanka daga sama, abin da ke isowa ba ya haƙa rijiya. Mutum ya zo ƙofar gidanka da kukansa, kai kuma aljihu fayau. Da ma a nan muka tsaya rabin awa. Ina! Mai kula da na'ura ya ɗaga mini yatsa, lokacin talla ya yi, layin Mama ma ya riga ya katse, wataƙila katin ya ƙare.

A keken da na hau daga Wunti, direban ya gane muryata. Ya ce shirin ya yi daɗi, amma me ya sa na bar su suka sha, ban matsa ba? Ban gaya masa wanda ya kamata a matsa yana Abuja ba.

Bayan isha'i na rubuta wasiƙar neman bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Abin da nake nema shi ne nawa ya shiga asusun kowace ƙaramar hukuma, wata bayan wata. Gobe da safe zan kai da kaina, a buga mini hatimi a kwafin da zan riƙe. Baƙon nawa kuma na sake tura masa gayyata ta Talata mai zuwa.