Yadda na koyi gane takubban gidan Osafune

Karatu ne ya kai ni Okayama, a yammacin Japan, ba takobi ba. Sai dai wanda ya zauna a yankin nan ba zai daɗe ba zai ji sunan Osafune, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Yoshii, cikin ƙaramar hukumar Setouchi ta yanzu. A da sunan lardin Bizen, kuma kusan rabin takubban da gwamnatin Japan ta ayyana a matsayin dukiyar ƙasa daga nan suka fito. Dalili a fili yake: kogin yana gangaro da yashi mai ƙarfe daga duwatsun Cugoku, ga itacen gawayi, ga babbar hanyar fatake ta ratsa wurin. Gidan adana takubba na garin na fara zuwa, daga nan wani dattijo mai wankin takubba ya ja ni zuwa zaman da masu sha'awar abin suke yi, wanda suke kira kantei.

Ga yadda zaman yake. Ana jera takubba tsirara a kan ƙyalle, amma an rufe gindin da ke shiga cikin ƙota, domin a nan maƙeri yake sassaƙa sunansa. Ka rusuna wa takobin, ka ɗauka, ka tallafe shi da ɗan ƙyalle mai laushi. Ba a taɓa ƙarfen da yatsa, ba a magana a kansa, don ɗigon yawu ɗaya yana iya zama tsatsa. Ka gama dubawa ka rubuta sunan maƙerin da kake zato, ka miƙa wa alƙali. In ka dace ya ce atari. In ka ambaci uban maƙerin, ko ɗansa, ko almajirinsa, ya ce dozen, ka samu kusan cikakken maki. In lardi kawai ka gano, nan ma akwai amsarsa. Ka ga ke nan wanda bai san salsalar gidan ba ko amsar alƙali ba zai iya amfani da ita ba.

Salsalar kanta ba ta da wuyar hadda. Mitsutada ne ya kafa gidan maƙeran Osafune a tsakiyar ƙarni na 13, ɗansa Nagamitsu ya gaje shi, sai Kagemitsu, sai Kanemitsu. Huɗu ne a jere, uba da ɗa. Kafin su akwai tsofaffin maƙeran Bizen irin su Tomonari da Masatsune, akwai kuma gidan Icimonji da ya yi tashe a farkon zamanin Kamakura, wato wajen farkon ƙarni na 13. Na rubuta duka a takarda na liƙa a bangon ɗakina. Dattijon ya duba ya ce mini, "Ɗana, sunaye ka haddace. Yanzu ajiye su, ka miƙe hannunka ka dubi tsayuwar takobin tukuna."

Wannan shi ne babban abin da na koya: ido yana son ya ruga zuwa zanen da ke bakin kaifi, domin shi ne mai ƙyalli, amma shi ake duba a ƙarshe. Siffa ce take faɗin zamani, jikin ƙarfe yana faɗin lardi, zanen kaifi kuma shi yake faɗin mutum. Takobin zamanin Mitsutada na mahayin doki ne, ana rataya shi kaifi na kallon ƙasa, lanƙwasarsa ta fi zurfi kusa da hannu, tsininsa gajere ne mai kauri. Na zamanin Kanemitsu, lokacin da fadar sarki ta rabe biyu daga 1336 zuwa 1392, faffaɗa ne, mai dogon tsini, wasu sun haura santimita 90. Yawancinsu daga baya an yanke su ta gindi don su dace da zamani, sunan maƙeri ya tafi tare da abin da aka yanke. Shi ya sa za ka ga takobi mai darajar gaske ba sa hannu ko ɗaya.

Abin da ya fi cin mini lokaci shi ne utsuri. Wata farar inuwa ce, kamar hucin baki a jikin madubi, da take kwance tsakanin zanen kaifi da gadon bayan takobi, kuma ita ce tambarin Bizen. Ba a ganinta in an dubi takobi kai tsaye. Sai ka nufi ƙwan fitila da tsinin, ka sunkuyar da ruwan takobin kaɗan kaɗan har hasken ya kwanta a kansa. Dattijon ya kama gwiwar hannuna ya sauke ta ƙasa da kamar faɗin yatsa biyu, sai ga ta ta fito, tana bin hawa da saukar zanen da ke ƙarƙashinta. Tun daga ranar, in na ɗauki takobi na ga wannan inuwa, na san ina cikin Bizen, saura in nemi gida da mutum.

Shi zanen kaifin, wato hamon, daga wuta yake zuwa. Ana shafe takobi da yumɓu, da kauri a baya, sama sama a baki, a gasa shi a tsoma a ruwa. Inda ya yi saurin hucewa ya yi tauri, iyakar wurin kuma ta bar zane. Na Mitsutada cike yake da ƙawa, kawunan kanumfari manya da ƙanana suna hawa kan juna, wasu sun kumbura a sama sun tsuke a wuya, Japanawa suna kiransu masu kan talibambam. An ce Oda Nobunaga, babban jagoran yaƙi na Japan a ƙarni na 16, ya tara takubbansa da yawa, kuma in ka ga ɗaya za ka gane dalili. Nagamitsu ya rage hayaniyar, ya gauraya kanumfarin da zagayayyun tuddai. Shahararren takobinsa, Daihannya Nagamitsu, yana babban gidan tarihi na Tokyo. An kimanta darajarsa da "kan" 600, wani ma'aunin kuɗi na Japan a da, adadin da ya yi daidai da juzu'an wani babban littafin addinin Buda, daga nan sunan ya bi shi.

Ni dai Kagemitsu ne nawa. Mutane da yawa sukan wuce shi don ba shi da adon kakansa, amma ƙarfensa ya fi na kowa a gidan tsabta da laushin gani, kuma shi ya fito da zanen da ake kira kataoci gunome, mai kama da haƙoran zarto, kowane haƙori da shafaffen kai da kafaɗa ɗaya a zube. In ka gan shi sau ɗaya a wuƙarsa ba ka ƙara ruɗewa. Takobinsa Koryu Kagemitsu yana ɗauke da shekarar 1322, da ɗan ƙaramin dodo da aka sassaƙa cikin kwarmin da ke kusa da gindi. Wannan ɗabi'a ta rubuta shekara ta yawaita a Osafune fiye da sauran larduna, kuma ita ce gatan ɗalibi, domin tana ba ka turakun da za ka ɗaure sauran takubban da ba su da kwanan wata.

Kanemitsu ya fara da haƙoran zarton ubansa, sannan wajen 1350 zuwa 1360 ya koma zane mai tafiyar igiyar ruwa a hankali, irin na maƙeran Soshu, lardin da birnin Kamakura yake ciki. Saboda haka tsofaffin littattafai suka sa shi, shi da Cogi, wani maƙerin Osafune, cikin almajirai goma na Masamune, shahararren maƙerin Soshu. Masana na yanzu ba su cika yarda ba, ni ma haka: salon Soshu ya zama yayi a ƙasar baki ɗaya a lokacin, ba sai mutum ya je Kamakura ya durƙusa gaban malami ba.

Bayan su sai Morimitsu da Yasumitsu na zamanin Oei, 1394 zuwa 1428, waɗanda suka waiwayi salon kakanni, amma inuwarsu sau da yawa miƙaƙƙiya ce. Daga yaƙin basasar Onin na 1467 kuwa, Osafune ta zama masana'anta. Takubba suka gajarce zuwa na sara da hannu ɗaya, ana soka su a ɗamara kaifi na kallon sama, ana ƙera su dami dami don sojan ƙasa da kasuwar Sin. Sunan Sukesada kaɗai maƙera da dama ne suka yi amfani da shi. A nan hadda ba ta da amfani ko kaɗan, sai karatun gindi. Gajeren sa hannu, "Bishu Osafune Sukesada", galibi na kasuwa ne. Dogo, mai ɗauke da sunan maƙerin na kansa irin Yosozaemon, wani lokaci har da sunan wanda ya ba da aikin, shi ne na musamman, kuma tsakanin biyun akwai tazarar sama da ƙasa a aiki da farashi. Don haka ne ba a taɓa goge baƙar tsatsar gindi: launinta da alamun magagari shaida ne na shekaru.

Wajen 1590 kogin Yoshii ya yi ambaliya ya share garin maƙeran. Kaɗan ne suka tsira, cikinsu har da reshen Sukesada na Yokoyama, wanda ya ci gaba da ƙira a zamanin Edo, wato daga ƙarni na 17. Takubbansu suna da kyau, amma a zaman kantei ba a lissafa su da na da, sabon babi ake buɗe musu.