Ranar da gulbi ya raba gonar kawuna gida biyu

Gonar kawuna tana fadama, 'yar tafiya kaɗan daga Jega, a bakin Gulbin Zamfara. Tun ina yaro in aka tambaye shi inda ta tsaya, amsarsa ɗaya ce: gabas gamba, yamma tsamiya, arewa burtali, kudu gulbi. Ukun farko ba su taɓa ba shi kunya ba. Na huɗun ne ya tayar mana da hankali a daminar 2020, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi.

Da ruwa ya janye muka sauka fadama, sai ga gulbi ya bar tsohuwar hanyarsa ya yanko ta tsakiyar gona. Rabin da ya fi laka mai kyau ya koma ƙetare. Mutanen ƙauyen can, waɗanda ke ƙarƙashin wani uban ƙasa daban, suka ce tun kaka da kakanni gulbi ne iyakarsu da mu, don haka abin da ke gefensu nasu ne. Ba ƙarya suka yi ba. Kawu kuwa ya dafa sandarsa ya ce, "Gulbi shi yat tahi. Gonata tana nan inda ubana yab bar min ita." Shi ma gaskiyarsa.

Ni aka tura Birnin Kebbi wurin wani dattijon safiyo, mai auna filaye, da ya yi ritaya. Bai bari na gama ba ya tare ni: "Ɗana, a hankali ya ci gaɓar, ko dare ɗaya ya tsallake?" Ashe nan maganar take. In gulbi yana zaizayar gaɓa ɗaya yana tara yashi a ɗayar, shekara da shekaru, yadda ido ba ya ganin tafiyarsa, to iyaka tana bin sa. Wanda ya samu ya samu, wanda ya rasa sai haƙuri. In kuwa ambaliya ce ta sa ya yanki sabuwar hanya farat ɗaya, iyaka ba ta motsawa, tana nan kwance a tsohon kwarin ko da ya bushe ƙurmus. Tsohuwar ƙa'ida ce da kotuna ke aiki da ita a ƙasashe da dama.

Sai ya ƙara min wata tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba. In an ce gulbi ne iyaka, wane wuri a gulbin? Gaɓarmu, gaɓarsu, tsakiyar ruwa, ko inda ya fi zurfi? A kan wannan Nijar da Benin suka yi shekaru suna ja-in-ja saboda tsibirin Lete, can sama da Gaya, ba nisa da mutanenmu na Dandi. A 2005 Kotun Duniya ta yanke cewa a Kogin Kwara iyakarsu tana bin layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jiragen ruwa. Da wannan ma'auni aka raba tsibirai 25: Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin 9. A Kogin Mekuru kuma kotun ta ce tsakiyar ruwa za a bi. Ƙasashe biyu, koguna biyu, ma'auni biyu. Mu kuwa takardar gonarmu "gulbi" kawai ta ce.

Shi ya sa masu auno ba su yarda da ruwa shi kaɗai ba, sai sun kafa turke. A 1898 Ingila da Faransa sun zana wani ɓangare na iyakarmu da Nijar a takarda, da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, ba ruwansu da rijiya ko hanyar fatake. Da abin ya ƙi aiki aka sake shiri, Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da ƙafa tsakanin 1906 da 1908, suka kafa alamu 148 daga Kwara zuwa Tafkin Cadi. Rabon bai yi mana daɗi ba, ya raba dangi, amma ko ba komai akwai abin da za a nuna da yatsa a ce ga shi nan.

A rikicin gonarmu kuwa, iyayen ƙasar biyu sun zauna, dattawa suka taka tsohon kwarin daga farko har ƙarshe, ƙafa na nutsewa cikin taɓo. Aka bar wa kawu gonarsa, su kuma aka bar musu kifin tafkin da ya saura a kwarin da mashayar shanunsu. Daga nan muka haɗa kuɗi muka ɗauko safiyo. Bai kafa bikon a bakin ruwa ba, sai can kan tudu: ɗan turken siminti da bai kai tsawon kamu ba a sama, da lamba a goshinsa da ƙusa a tsakiya. Ya ɗora na'urarsa a kai ya rubuta lambobin wurin, ya ce ko ruwa ya tafi da turken, da lambobin nan za a mayar da shi daidai inda yake.

Abin da ke cin raina shi ne yadda muke wasa da turakun nan. Na ga wanda garmar shanu ta tumɓuke aka jefar gefe, na ga wanda aka fasa don ɗan ƙarfen cikinsa. Laifi ne a doka, kuma tun kafin doka akwai hadisin da Muslim ya ruwaito na la'anar wanda ya sauya alamun iyakar ƙasa.

Bana da rani na je ban ga bikon ɗin kudu ba, gabana ya faɗi. Kawu ya taka zuwa wani gungun gamba da ya dasa kewaye da shi, ya sa hauya ya tone yashi kamar taƙi biyu, sai ga lambar ta fito. Ya share ta da bakin rigarsa, muka sauka wurin kwalekwale don mu ƙetara ɗaya rabin gonar.