Shuka a Cikin Yashi: Inda Tankina Ya Kwana

'Yan'uwa masu koyon kiwon kifin ado, barkanmu da ƙoƙari. Ga labarin tankin da na shimfiɗa wa yashi na dasa tsirrai masu rai a ciki. Tanki ne mai cin lita 80 na ruwan daɗi, da fitilar LED a samansa da ƙaramar na'urar tace ruwa. Ba na ba shi iskar kabon ta silinda, wadda wasu ke hura wa ruwa don tsirrai su yi saurin girma, don haka tun farko na zaɓi tsirran da ba su da tsirfa.

Babban abin da watannin nan suka nuna mini shi ne yashi yana riƙe shuka amma ba ya ciyar da ita. Ƙasar noma tana da laka da ruɓaɓɓen ganye masu kama sinadaran abinci su ajiye wa saiwa. Yashi kuwa garin dutse ne kawai, abin da ya shiga cikinsa ba ya zama. Saboda haka duk shukar da zan saka sai na fara bincika ta ina take cin abinci, ta saiwa ko ta ganye. Amsar ce ke nuna mini inda zan ajiye ta da irin takin da zan ba ta.

Bari in fara da yashin kansa. Na ɗauki irin wanda ake zubawa a matatar ruwan wurin ninƙaya, domin ƙwayoyinsa kusan girmansu ɗaya, wajen rabin milimita zuwa milimita 1. Yashi mai laushi sosai yakan danƙare ya hana ruwa ratsawa, saiwa ta rasa iska. Kafin in zuba, na ɗiga wa ɗan kaɗan ruwan binega. Da ya yi kumfa, da alama ke nan akwai farar ƙasa ko ɓawon katantanwa a ciki, irin wanda ke ƙara wa ruwa gauri ya ɗaga ma'aunin pH, wato ya rage masa tsami. Bai yi ba. Daga nan sai wanki a bokiti, a zuba ruwa a motsa a tsiyaye, har ruwan ya riƙa fita garau. Aikin yana da gajiyarwa, amma kada ku yi masa gaggawa, domin ƙurar da aka bari takan dagula ruwa ta kuma cinye farfelar na'urar tacewa. Kaurin shimfiɗar santimita 4 ne a gaba, 6 a baya inda manyan tsirrai suke.

Masu ci ta saiwa guda uku na dasa: Echinodorus, wadda aka fi sani da takobin Amazon, sai Cryptocoryne wendtii 'yar asalin Siri Lanka, sai Vallisneria mai dogon ganye kamar kirtani. Kowacce na binne mata ƙwayar taki kusa da gindinta, na tura ta da hantsaki har sai da ta taɓa gilashin ƙasa. Zurfin nan yana da muhimmanci. Idan ƙwayar ta tsaya a sama takan narke cikin ruwa, gansakuka ta samu abin da take nema. Wajen dasawa ma akwai dabara, domin yashi ba ya kama sabuwar shuka da ƙarfi. Nakan rage tsawon saiwar da almakashi, in cusa ta da ɗan zurfi a karkace, sannan in ɗago ta a hankali har wuyanta, wato inda ganye ya haɗu da saiwa, ya fito daidai fuskar yashi. Wuyan da aka binne ruɓewa yake yi. Waɗanda suka dage sai sun taso sama, na tokare su da 'yan duwatsu har suka kafa.

Masu ci ta ganye ba ruwansu da yashi. Anubias, wadda asalinta bakin ƙoramu masu inuwa ne a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da kuma ganyen Java na Kudu maso Gabashin Asiya, duka suna da wani kara mai kauri da ke kwance, ganye na fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasa. Wannan karan ba a binne shi ko kaɗan. Na ɗaure su da zare a jikin itace da dutse, kuma yanzu saiwarsu ta kama da kanta har zaren ya zama ba shi da amfani. Ga wanda ke jin tsoron farawa, waɗannan biyun nake ba shi shawara. A saman ruwa na saki kainuwa. Ita dai dashen Allah ce, ba ta buƙatar komai daga gare ni, tana zuƙe abincin da ya yi yawa a ruwa da sauri. Sai dai nakan kwashe rabinta a kai a kai, in ba haka ba ta rufe haske ga na ƙasa.

Makonnin farko su ne masu gwada haƙuri. Ganyen Cryptocoryne ya fara laushi yana zama kamar majina, ɗaya bayan ɗaya, har gindin ya kusa zama tsirara. Ina roƙonku, idan kuka ga haka kada ku tumɓuke ta. Yawancin tsirran da ake sayarwa a waje da ruwa ake renonsu, ganyensu na shan iska, don sun fi saurin girma a haka. Idan aka nutsar da su sai su zubar da tsohon ganye su yi sabo wanda ya dace da zaman ruwa. Na cire ruɓaɓɓun na bar saiwar a inda take, kuma ga shi yau ita ce ta fi kowacce cika, da ganye mai ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan lanƙwasa a gefe. Ranar da na hango tsiron farko ya leƙo daga yashi na ji daɗi ƙwarai.

A daidai wannan lokacin ne wata ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe gilashi da ganye da fuskar yashi. Gansakuka ce da ta saba fitowa a sabon tanki, kuma yatsa ma yana goge ta. Na rage fitila zuwa awa 6 a rana, na ci gaba da canza kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan kowane mako da ruwan da aka cire wa kulorin, sai ta ja da baya. Yanzu fitilar tana awa 7. Kifi kuwa ban saka ba sai da bakteriyar da ke juya amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi) zuwa naitirayit, shi ma mai guba, sannan zuwa naitiret mai ƙarancin illa, suka zauna sosai, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Sai da gwaji ya nuna amoniya da naitirayit sun koma sifili na kawo su.

Akwai maganar da ake yawan tsorata mutane da ita, cewa yashi yana tara iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gaskiya ne tana iya taruwa inda yashi ya yi zurfi ya danƙare da datti a ƙarƙashinsa. A nawa ganin an fi zuzuta abin. Saiwar tsirrai masu lafiya tana kai iskar oksijin cikin yashi, kuma na saka ƙananan dodon koɗi na Malesiya masu dogon ɓawo, waɗanda ke wuni a binne suna huda shi. Wani alherin yashi shi ne datti ba ya nutsewa cikinsa kamar yadda yake yi a tsakuwa, a sama yake zama. Nakan riƙe bakin tiyo ɗan nesa da fuskarsa in juya a hankali, dattin ya tashi ya bi ruwa, yashin ya zauna. Kifayen Corydoras da na saka su ma sun samu yadda suke so, suna tona shi da gashin bakinsu ba tare da ya ji musu ciwo ba.

Yanzu ina koyon karanta ganye. Idan sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya, yawanci ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Idan tsofaffin ne suka fara rawaya, naitirojin ya yi ƙasa. Ƙananan huji kamar na allura a tsohon ganye kuma suna nuna ƙarancin fotasiyam. Na ga irin hujin a ganyen Java, shi ya sa na fara ɗiga takin ruwa sau ɗaya a mako, rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba. Ganyen da ya riga ya huje ba zai warke ba, sababbin da ke fitowa nake dubawa, kuma lafiyarsu ƙalau. Masu Vallisneria su yi hattara da ruwan kabon na kwalba mai sinadarin gulutaraldehaid, domin yakan narkar da ita.

Vallisneria ta fara miƙa jijiya ƙarƙashin yashi tana haifar 'ya'ya, har wasu sun ɓullo a gaban gilashi. Zan bari kowane ya yi ganye kamar huɗu kafin in yanke shi in mayar baya. Takobin Amazon kuwa sabon ganyensa ya soma ƙanƙancewa, alamar ƙwayar takin farko ta ƙare, don yawanci wata 3 take yi. A canjin ruwa na gaba zan binne masa biyu, ɗaya a kowane gefe.