Saƙon Godiya Bayan Kwana 46 a Ɗakin Bakwaini

Ina miƙa godiya ga Ubangiji Allah, sannan ga dukanku da kuka tsaya tare da mu tun ranar da aka ciro 'yarmu a mako na 29 na ciki, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Kun bi labarin tun daga farko, ba sai na maimaita ba. Shekaranjiya aka sallame mu, kuma tana kama nono da kanta.

Daren 24 ga Disamba ne ba zai fita daga raina ba. Likitoci sun riga sun gaya mana cewa bakwaini kan ɗauke numfashi, domin sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da numfashi bai gama ƙosawa ba, amma sa'ad da na'ura ta fara ƙara, leɓunan 'yata suka yi duhu, duk bayanin ya ɓace mini, ko addu'a na kasa haɗawa sai sunan Yesu kawai. Wata ma'aikaciyar jinya da ta tashi daga aiki, jakarta a kafaɗa, ta ajiye jakar, ta wanke hannu, ta zura shi cikin kwalbar da ake ɗumama bakwaini tana murza tafin ƙafar yarinyar har ƙirjinta ya ɗaga. Da komai ya lafa sai ta ɗora mini ita a ƙirji, ta lulluɓe mu, ta ce, "'Yar'uwa, riƙe ta, ɗumin jikinki ma magani ne." Ba ta tafi gida ba sai da gari ya waye.

Tun ina ƙarama nake jin Luka 2:7, cewa Maryamu ta naɗe ɗanta da zanen goyo ta kwantar da shi a komin dabbobi saboda babu wuri a masauki. A daren nan, da 'yata kwance a ƙirjina ina ƙirga numfashinta, na gane cewa Mai Cetona ya yarda ya zo cikin jikin da sanyi zai iya kamawa, wanda sai an ɗauke shi an shayar da shi. Sunan nan Immanuwel na Matiyu 1:23, wato Allah na tare da mu, a wannan ɗaki na ji nauyinsa.

Na san ba ku so a ambace ku, ku gafarce ni. Fastonmu da uwargidansa, da suka zo bayan sujadar Kirsimeti ko hutawa ba su yi ba. Matan ikilisiya da suka riƙe mana yara biyu a gida. Surukata da ta yi makonni tana kwana a benci. Da abokin aikin maigidana wanda ya ba ni jini bai taɓa ganina ba. Akwai 'yan'uwa na jini da muka yi ta sauraron kiransu har aka sallame mu, mun bar wa Allah.

Ubangiji ya sāka muku ninki ba ninki, ya tsare 'ya'yanku, ya sa kada ku rasa mai tsaya muku a ranar wahala. Ya albarkaci hannuwan wannan ma'aikaciyar jinya da zuriyarta. Ina kuma roƙonku ku sa maƙwabciyar gadona cikin addu'a, domin tagwayenta suna cikin kwalba har yanzu.